BEL ƊIN MOTA: GA IGIYA, AMMA INA TURKEN?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya ga yadda ake ɗaure bijimi. Mai dabba ba ya tsayawa ga duba igiya kaɗai. Sai ya kama turken ya jijjiga, ya ga ko ya kafu, domin ya san in sa ya fizga, ba igiya ce ke fara ba da kai ba. Turken ne ke tumɓukewa, sa ya ratsa kasuwa a guje yana jan igiya da turke gaba ɗaya. Wannan ilmi ne da ko yaron da ke kora shanu zuwa bakin tirela ya san shi. Abin mamaki shi ne, mutumin nan da ya jijjiga turken bijiminsa da hantsi, in la'asar ta yi sai ya shiga mota, ya jawo bel ya ɗaura, bai taɓa tambayar kansa a jikin me aka kafa bel ɗin ba.

Potiskum gari ne na mota. Hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Azare, da wadda ta taso daga Jos ta ratsa Bauchi, a nan suke gamuwa su miƙe zuwa Damaturu da Maiduguri. Ga kuma hanyar Gashuwa ta wajen arewa, ga ta Fika da ke fita Gombe. Garin ya yi suna wajen masu manyan motoci tun kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. Inda mota ta yi yawa kuwa, sana'o'inta ba sa nisa: makanikai, da masu walda, da masu gyaran bodi, da masu fenti, da masu kushin. Ba a ƙera mota daga tushe a waɗannan rumfuna, amma ana sake mata fasali har wanda ya ƙera ta ma ba zai gane ta ba.

Mafi yawan aikin da ya shafi zancenmu shi ne mai da motar kaya ta koma ta fasinja. Bas-bas da yawa da ke tashoshinmu sun baro Turai ne a matsayin motocin ɗaukar kaya, bayansu fayau, ba kujera ba taga. In sun iso, sai a yanka tagogi, mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi ƙashin kujeru, mai kushin ya sa soso ya rufe da leda, a jera su layi-layi. Waɗansu kuma da kujerunsu suka zo, amma mai mota ya ga sun yi masa kaɗan, sai a cire a matsa, a ƙara layi guda. Aikin yakan fito tsaf, mai kyan gani, kuma ba wanda zai hana wa masu yin sa yabo, don da kayan aiki kaɗan suke fitar da shi. Illa dai akwai wuri guda da ido ba ya kaiwa, watau inda ƙafar kujera ta sadu da daɓen mota, da inda aka ɗaure bakin bel, in ma an sa bel ɗin.

NAUYIN DA BA A GANI

Kafin a ce ga yadda ya kamata a yi, ya kyautu mai karatu ya san irin nauyin da ake magana a kai. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a, wadda direbobinmu ke ɗauka ba gudu ba ne, in ta yi karo da abin da ba ya motsi, mutumin da ke ciki tamkar ya faɗo ne daga tsawon mita goma. In gudun ya kai kilomita 100, faɗuwar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, kusan mita arba'in ke nan. Mota ta tsaya, amma jikin mutum bai tsaya ba. Yana nan yana tafiya da gudun da motar ke yi, sai ya sami abin da ya tare shi, ko bel, ko gilashi, ko bayan kujerar da ke gabansa, ko kwalta.

A wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, mutum mai kilo 70 yana iya jan bel da ƙarfin da ya kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Shi ya sa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14, wadda ta fara aiki a 1970, ta ware wa makafar bel gwajinta na daban. A ƙaramar mota, ana ɗaura na'ura a ja igiyar kafaɗa da ƙarfin da ya kai kilo 1,350 da 'yan kai, a ja ta ƙugu da kamar haka, duka a lokaci ɗaya, kuma tilas makafar ta riƙe ba ta ɓalle ba. In za a kwatanta da abin da mutumin Potiskum ya saba gani, buhun gero mai kilo ɗari sha huɗu ke nan a rataye a igiya guda, sha huɗu a ɗayar. Ga ƙananan bas-bas masu ɗaukar fiye da fasinja takwas, an rage ƙarfin gwajin zuwa rabi. Amma ko a hakan, kujera mai cin mutum uku, in bel ɗinta duka a jikinta suke, nauyin da zai hau ƙafafunta ya kai tan huɗu, ban da nauyin ita kanta kujerar, wanda shi ma ƙa'idar ta ce a ninka shi sau goma a ƙara.

To, sai mutum ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin irin waɗannan kujeru na tasha. Sau da yawa abin da zai gani shi ne ɗigon walda biyu ko uku a kan fallen ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, ko kuwa wata 'yar siririyar ƙusa mai zare da aka huda daɓe aka zura. Wannan zai riƙe kujera shekara goma a kan gargada, ba ta ko girgiza. Ranar karo kuwa, fallen ƙarfen yagewa yake yi kamar bakin gwangwanin madara, kujera ta taso da mutanenta, ta haɗa su da na gabansu. Wanda ya ɗaura bel a irin wannan kujera bai tsira ba, ya dai ɗaure kansa ne a jikin abin da zai tashi da shi.

DAGA SUWIDIN ZUWA KADUNA

Bel mai makafa uku, wanda ke ratsa ƙirji ya kuma kama ƙugu, wani injiniya ne na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, mai suna Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ce ta fara tilasta ɗaura shi a 1970, Ingila ta bi sahu ga masu zama a gaba a 1983. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa ga direba da na kusa da shi da kusan rabi, ga na baya kuma da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai waɗannan alƙaluma an samo su ne daga motocin da aka kafa bel ɗinsu tun a masana'anta.

Mu ma nan mun san irin wannan aiki. A 1975 da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, sassan motar daga Faransa ake kawo su a haɗa, amma ramukan bel tuni an yi su a jikin ginshiƙi da daɓe, an ninka ƙarfe a bayansu, an like noti a ciki. Mai haɗawa ba ya zaɓar inda zai huda. Wannan shi ne bambancin haɗin masana'anta da haɗin rumfa.

Ta fuskar doka kuwa, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara kama masu ƙin ɗaura bel ranar 1 ga Janairu, 2003. Dokokin hanya na 2012 sun ce a sa bel a kujerun gaba da na baya. A 2018 kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Janiba ta 1958, wadda ƙa'ida mai lamba 14 ke ƙarƙashinta. Amma jami'in da ke tsaye a bakin hanya ta taga yake leƙawa. Abin da yake nema shi ne baƙar igiya a kan ƙirjin direba, in ya gan ta ya ɗaga hannu. Kowa ya san direban da ke yafa bel kamar gyale in ya hango shinge, ya kuma yar da shi da ya wuce. Kowa ya san Alhajin da ba ya ɗaurawa don kada ƙurar bel ta ɓata masa farar babbar riga. Waɗannan aƙalla sun san ba su ɗaura ba. Wanda ya fi ban tausayi shi ne wanda ya ɗaura tsakaninsa da Allah, ya saki jiki, alhali bakin bel ɗin a jikin kwano yake.

MOTAR HAƊA-DA-KANKA

Ba mu kaɗai ne muka taɓa fuskantar wannan matsala ba. A Ingila akwai wata al'ada ta sayen mota a wargaje, a kawo wa mutum shasi da bodi da sauran tarkace, ya haɗa abarsa a garejin gidansa, yawanci ya ciro inji da giya daga wata tsohuwar mota. Shahararriya a cikinsu ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957. A wancan zamani wanda ya sayi mota a wargaje yana tsira daga harajin da ake ɗora wa haɗaɗɗiya, shi ya sa abin ya karɓu. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi ikon ci gaba da yin ta. Galibin irin waɗannan motoci bodinsu na roba ne mai zare, ko na gorar ruwa mara kauri, wanda ba zai iya riƙe bel ba ko kaɗan.

Da abin ya yawaita, sai hukumomin can suka ga ba zai yiwu a farfasa motar kowane mutum don a gwada ta ba, tun da ita ke nan guda ɗaya. Saboda haka a 1998 suka fito da tsarin duba irin waɗannan motoci ɗaya bayan ɗaya kafin a ba su lamba, aka sabunta tsarin a 2009. Mai dubawa yana bin makafar bel ɗaya-ɗaya: a jikin me take, wace irin ƙusa ce, ina nauyin zai bi in an fizga, kuma tsayinta ya dace da kafaɗar mai zama ko kuwa. In wurin ya riga ya rufu, mai mota yakan kawo hotunan da ya ɗauka sa'ad da yake aikin. Motar da ta faɗi a nan ba ta hawa titi sai an gyara. Ba wata na'ura mai tsada a cikin wannan dubawa. Ido ne, da ma'auni, da sanin abin da ake nema.

YADDA AKE KAFA TURKEN

Abu na farko da mai aiki zai yi shi ne ya duba ko motar ta zo da ramukanta. Kamfanoni da yawa bodi ɗaya suke yi wa motar kaya da ta fasinja, don haka akan tarar da ramukan bel a ɓoye, an toshe su da roba a jikin ginshiƙi ko ƙarƙashin shimfiɗa. In akwai su, babu abin da ya fi su, sai a tsara kujeru su dace da ramukan, ba a matsar da bel ya bi kujera ba.

In babu, to a nemi ƙashin mota. Daɓen mota ba kaurinsa ɗaya ba ne ko'ina. A ƙarƙashinsa akwai dogayen ƙarafa na shasi da waɗanda suka gitta su, kuma su ne ke ɗauke da motar. A kansu ko dab da su ake kafa kujera da bel. Inda kuwa tilas sai an huda fallen daɓe, sai a sa masa majingini ta ƙasa, watau farantin ƙarfe mai kauri wanda zai raba nauyin ya bazu. Masu tseren motoci na duniya, waɗanda karo ya zame musu abin yau da kullum, ƙa'idarsu ita ce farantin kada ya gaza milimita 3 a kauri, faɗinsa kuma ya kai murabba'in santimita 40, wato kusan girman katin ɗan ƙasa. Wanda ya fi haka girma ya fi, musamman a tsohuwar mota. A goge kusurwoyinsa su yi da'ira, don kusurwa mai kaifi ita ce ke fara yanka daɓen in an fizga. Kuma ta bayan fallen ake sa shi, yadda in bel ya ja, farantin zai danno daɓen ne gaba ɗaya. Wanda ya like shi ta sama ya dogara ga walda kaɗai. Irin wannan guntun ƙarfe yana nan zube a ƙasan rumfar kowane mai walda, ana tattaka shi.

Sai ƙusar kanta, wadda makanikai ke kira bol. Bel yana da tasa ta musamman, mai kaurin kusan milimita 11 da ƙananan zare, kuma kusan duk motocin duniya ita suke amfani da ita. Mafi sauƙi shi ne a ciro ta tare da bel ɗin. In za a sa wata, kada ta gaza milimita 12, kuma a duba kanta a ga lamba 8.8 ko sama da haka. Ƙusar da ba ta da lamba a ka, irin wadda ake ɗaure ƙyauren shago da ita, ba ta wannan aiki ba ce. Kada kuma a kai mata wutar walda, don zafi yana kashe ƙarfin da aka gasa ta da shi, ta koma ƙarfe na banza. A ƙarƙashin kanta akwai wani ɗan zobe da ke barin bakin bel ya juya ya fuskanci inda ake jan sa. Yara masu koyon aiki sukan yar da shi su ɗaure tamau, suna ganin ƙwazo ne, alhali bakin da ba ya juyawa lanƙwashewa yake yi ya tsage.

Inda aka kafa ma yana da nasa hukunci. Igiyar ƙugu aikinta ta kama ƙashin ƙugu, wanda shi ne mafi ƙarfi a wannan sashe na jiki. Don haka makafanta biyu sai su kasance a ƙasa, ta baya kaɗan, tsakaninsu kada ya gaza santimita 35. In aka kai su can baya da nisa har igiyar ta kwanta, ranar karo mutum zamewa yake yi ta ƙarƙashinta, ta hau ciki ta murƙushe hanji da hanta. Ta kafaɗa kuma a kafa ta sama da kafaɗa, ta ɗan baya. In ta yi ƙasa da kafaɗa, tana danne ƙashin baya ne. In ta yi sama ainun, wuya take bi. Akwatin da ke naɗe bel shi ma ba a kafa shi yadda aka ga dama. A cikinsa akwai wani ɗan ƙwallo ko lilo da ke kulle bel in mota ta fizga, kuma an yi shi ne ya zauna a karkata guda. In aka kwantar da wanda aka yi don tsayuwa, ko dai ya kulle kullum har fasinja ya gaji ya bar shi, ko kuwa ya ƙi kullewa ranar da ake bukata.

Tsatsa kuwa ba a yin sulhu da ita. Motocin da suka yi shekaru a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi sukan iso da ƙasansu a cinye, an shafe da baƙin fenti. In aka ƙwanƙwasa da guduma wuri ya burma ko ya zubo da gari, sai an yanke an sa sabon ƙarfe kafin a yi zancen kujera.

Game da bel ɗin kansa, magana ba ta da yawa. Wanda aka ciro daga motar da ta yi karo ya riga ya miƙe, aikinsa ya ƙare. Wanda ya tsinke aka kai wa mai kushin ya ɗinka, ado ne kawai. Wanda rana ta ci har ya koɗe ya yi tauri, shi ma haka. Waɗansu na zamani kuma suna ɗauke da ɗan albarushi da ke tsuke su lokacin karo, saboda haka ba a kusantar da wuta gare su.

Duk wannan bayani yana cin karo da wani abu guda da ba mai walda ne ya jawo shi ba, watau lodi. Kujerar mutum uku in aka zuba mata huɗu, kujerar gaba ta mutum ɗaya in aka ɗora biyu, babu dabarar da za ta raba musu bel. Ba a ma zancen waɗanda ke hawa saman tirelar shanu ko kan buhuna don araha. Wanda kuma ke zaune a baya ba bel ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2002, ya nuna cewa mutumin gaba, ko da ya ɗaura nasa, haɗarin mutuwarsa yana ninkuwa kusan sau biyar in na bayansa bai ɗaura ba, domin na bayan ne ke faɗo masa. Ga shi kuwa tun da aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, duk sashen da aka gama sai gudu ya ƙaru a kansa.

Gyaran bai fi ƙarfin mutanen garin ba. Masu walda da makanikai suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, kuma maigida in ya ce wa yaransa ba a kafa kujera a rumfarsa sai da faranti, magana ta ƙare. Ƙungiyar direbobi da ke rubuta mota a layi tana da ikon leƙa ƙarƙashinta kafin ta karɓe ta. Jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda aikinsu ne na asali, suna iya ƙara wannan a kan birki da fitila da taya. Dabarar hoto ta mutanen Ingila ma ba ta gagari kowa ba yanzu da kusan kowace rumfa akwai waya mai ɗaukar hoto: a ɗauki farantin da ƙusar kafin a shimfiɗa leda, mai mota ya ajiye tare da takardunsa.

Shi kuma mai mota da ya je karɓar aiki, kada ya tsaya ga taɓa laushin kushin da duba launin leda. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila, ya ƙirga ƙafafun kujerun ta sama, ya ƙirga farantan ta ƙasa, ya ga ko lissafin ya zo daidai. Sa'an nan ya goge kan ƙusa ɗaya da yatsa ya karanta lambar da ke jiki kafin ya biya cikon kuɗin aiki.